Takardar Ajami a Akwatin Tambaya

Masu karatu, wasunku sun rubuto suna cewa na cika jan rai, wasu kuma sun ce Mashkura ba ta da wayo ko na sisin kwabo. Na ji, na kuma yarda da rabin maganar. Amma kafin ku yanke min hukunci, ku bari in ba ku labarin mako guda tak, daga Lahadi zuwa Juma'a, sannan duk wadda wayonta ya fi nawa ta gaya min ta inda za ta bi ta fita.

Ga wadda yau ta fara shigowa: sunana Mashkura, shekarata ashirin da uku a lokacin, wato shekarar dubu biyu da tara. Gidanmu yana Limawa a cikin Dutse, ina kuma koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo can wajen Yalwawa. Saura wata biyu a ɗaura min aure da Saifuddeen, ma'aikacin ofishin gona, dogo, mai sanyin magana, wanda ba ya fita ba turare. Ni na zaɓe shi da kaina, ba wanda ya tura min shi, kuma wallahi ina son sa. Na faɗa muku tun yanzu don ku san abin da ke kan faranti.

A shekarar nan ne wata ƙungiya ta kawo wa makarantarmu kwamfuta guda ɗaya da wani tsari na tambayar lafiya. Yarinya za ta rubuta abin da ke damun ta game da jikinta, al'ada ce, ciwon mara ne, ko wani abin da ba za ta iya tambayar uwarta ba, ta ninke ta jefa a wani koren akwati mai kwaɗo, ba suna. Ni nake buɗewa, in buga a kwamfutar, ta tura wa wasu ma'aikatan jinya, amsa ta dawo, in karanta wa aji ranar Alhamis. Lamba biyu kawai suka sani a can: ta kwamfutar da ta wayata, saboda ranar da babu wuta. Shugabarmu, Hajiya Zuwaira, ta kafa doka cewa duk takardar da aka tura sai an adana ta a fayil, don kada a ce mu muke ƙirƙira.

Da farko yaran sun ƙi jefa komai. Sati biyu akwatin nan ba abin da ke ciki sai ɓawon gyaɗa. Sai na yi musu wata 'yar ƙarya da na ɗauka ba ta da illa. Na ce, "Ku saki jikinku, na'ura ce take karantawa, ba idon mutum a ciki." Washegari akwati ya cika.

Ofishinmu yana yoyo, ƙofarsa kuma ba ta kulluwa, don haka duk Juma'a nake ɗaure akwatin a bayan acaɓa in taho da shi gida, in ajiye a ƙarƙashin gadona. Amsoshin kuma nakan gwada karanta su a tsakar gida ranar Laraba da yamma, kafin in kai aji, don in tace kalmomin da za su sa yara dariya. Inna takan zauna a gefe tana tsince shinkafa, kanta a sunkuye, kamar ba ta ji.

Sai na gaya muku wani abu game da ni da Inna, in ba haka ba ba za ku gane komai ba. Ni ce 'yar fari. Mutanenmu asalinsu Fulanin Garki ne, kuma Inna ta riƙe kunyar 'yar fari da hannu biyu. Tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke," take cewa, ko "waccan," in kuma da baƙi sai ta ce "yayarsu." Ba ta taɓa yi min kitso ba, ba ta taɓa tambayata abin da na ci ba. Ranar da na fara al'ada, ƙanwar Baffa, wato mahaifina, aka aiko min. Ba ƙi ba ne, na sani, don ita ce take ajiye min ƙanzon tuwo a ƙarƙashin kwano ba tare da ta ce nawa ne ba. Amma tsakanina da ita akwai maganganun da ba su da ƙofa.

Wata Laraba ina cikin karatu ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Wai ke, na'urar nan taku ita take karanta takardun da kanta?"

"Ita ce, Inna."

"Ko da ba da boko aka rubuta ba?"

Na yi dariya, don a zatona hira ce. "Inna, na'urar Turawa ce fa. Ba rubutun da ba ta sani ba."

Ta ce "Ikon Allah," ta ci gaba da tsintarta. Da na san abin da na shuka da bakina a ranar nan, da na cije harshena.

Ranar Lahadi da hantsi na jawo akwatin na buɗe a kan gado. Takardu goma sha ɗaya 'yan littafin makaranta, da biro shuɗi da baƙi, sai ta goma sha biyu da ta bambanta. Bayan kalandar bara ce aka yaga, aka rubuta da alƙalami da tawadar allon ƙannena. Ajami ne. Tun kafin in karanta kalma ɗaya na gane hannun. Shi ne hannun da ya rubuta ranakun haihuwarmu a bangon littafin addu'ar da ke kan kabad ɗin Inna, mai jan wutsiyar harafin mimun har ta nannaɗe. Baffa ne ya koya mata shi lokacin da aka kawo ta amarya daga Garki, har yau yana tsokanar ta da wutsiyar nan.

Ga abin da ta rubuta: "Wata huɗu ke nan ina shan ƙwayar hana ɗaukar ciki a ɓoye. Yanzu sati uku jini bai tsaya min ba, kaina yana sarawa, in na miƙe sai jiri. Ba na so kowa a gidanmu ya sani. Me zan yi?"

Ba ta sa shekaru ba, ba ta ambaci miji ba. Ta ɓuya ne a cikin 'yan mata, ta yi magana irin tasu.

Na zauna da takardar a hannu. Ta taga ina hango ta a bakin murhu, ɗaure da tsohon zaninta mai ganyen kuka, tana tuƙa tuwo. Sai yanzu na ga abin da ya yi sati uku a gaban idona ban gani ba: yadda take dafa bango in za ta miƙe, yadda leɓenta ya yi fari, yadda ta daina shiga sahun salla tana cewa za ta yi a ɗaki.

Haihuwar Inna tara, mu shida ne a raye. A ta ƙarshe sai da aka ƙara mata jini, likita kuma ya kira Baffa gefe ya ce masa wani cikin zai iya tafiya da ita. Baffa, Malam Bubayero, magatakarda ne a kotun shari'a, mutum ne da ke cire wa Inna ƙayar kifi da hannunsa. Amma yana da ƙanwa, Goggo Kubura, da ta rasu shekarun baya, kuma har gobe ya yi imani ƙwayoyin nan ne suka kashe ta. Ranar da suka dawo daga asibiti ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Hindatu, rai na Allah ne. Amma duk ranar da ƙwayar nan ta shiga bakinki, a bakin aurenki." Ina bayan labule na ji. Kuma duk wanda ya san Baffa ya san ba ya lashe abin da ya furta, shi da yake rubuta irin wannan furucin a kan wasu kullum.

Kun ga inda nake? In na je na ce, "Inna, tashi mu tafi asibiti," ta san na karanta, ta san 'yar farinta ta leƙa abin da ko ƙawarta ba ta gaya wa ba. Na san Inna, cewa za ta yi lafiyarta ƙalau, ta rufe bakinta har abada. Hanya ɗaya ta bar min a buɗe, ita ce wadda ta zaɓa da kanta: amsar ta fito daga na'ura, in karanta a tsakar gida ranar Laraba, ita tana tsince shinkafa.

Litinin na isa makaranta da sassafe, ba wuta, janareta kuma ya ƙi tashi. Talata ma haka. Sauran tambayoyin za su iya jira, wannan ba za ta iya ba. Na shige bayan ɗakin gwaje-gwaje na fito da 'yar wayata mai tocila, wadda na ɗaure murfinta da roba, na juya ajamin Inna zuwa boko kalma da kalma, na tura. Takardar kuwa ban sa ta a fayil ba. Na ninke ta na tura cikin kuben matashina.

Laraba ta yi, amsa ba ta shigo ba. Ina duba wayar nan a aji, ina dubawa a kan acaɓa, har na kusa faɗowa a kwanar kasuwa.

Bayan la'asar aka yi sallama a zaure. Saifuddeen ne. Na sa atamfata ruwan goro da ya ce tana yi min kyau, na yafa farin mayafi, na ɗan goga kwalli, na fita da faranti na dabino da ruwan randa. Yana zaune a kan tabarma cikin farar shadda, hula a karkace, yana ta murmushin mutumin da ya ɓoye abu a aljihu.

"Rufe idonki."

"A zauren Baffa? Ka rufa min asiri."

Ya yi dariya ya miƙo min kwali. Waya ce sabuwa dal, mai murfi, mai kyamara, ruwan hoda. Har da sabon layi a ciki irin nasa, wai don mu daina ƙona kati.

"Amaryata ba za ta shiga gidana da wayar da aka ɗaure da roba ba," in ji shi. "Kawo tsohuwar, akwai abokina a kasuwa da zai kwashe miki lambobin ya turo miki su ta sabon layin. Gobe in dawo miki da ita."

"A'a, bar shi, zan kwafe da kaina."

"Lamba ɗari da wani abu? Sai yatsunki sun kumbura."

"Akwai saƙon makaranta da nake jira."

"Kwana ɗaya ne fa, Mashkura." Ya karkata kai yana kallona, da wasa a fuskarsa. "Ko akwai wani ne a ciki da ba a so in gani?"

A nan ne wayona ya ƙare, na yarda. Na ji tsoron in na ƙara musawa wasan zai zama gaske. Na ce a raina in shiga in goge saƙon tukuna, sai ga Baffa ya dawo daga masallaci, Saifuddeen ya zube yana gaishe shi, wayar tana kan tabarma, ya ɗauka ya jefa aljihu yana amsa tambayar Baffa kan takin bana. Ina tsaye ina kallo ya tayar da babur ɗinsa ya tafi da ita.

Da na koma ciki Inna ta riga ta shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiya, tire a cinyarta.

"Ke, yau babu karatun na'urar ne?"

"Babu wuta a makaranta, Inna. Sai wani satin."

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. "Wani satin," ta maimaita a hankali. Sai ta ce, "To, Allah ya kai mu," ta dafa bishiyar ta miƙe. Na shiga ɗaki na cusa fuskata a matashi na yi kuka, takardar tana ƙara a ƙarƙashin kuncina.

Alhamis da safe ina cikin aji sabuwar wayar ta yi ƙara, wani kiɗa mai daɗi da ban ma san yadda ake kashe shi ba. Saƙon farko da ya fara shiga cikinta ke nan, daga Saifuddeen.

"Na ga abin da kika tura. An kuma aiko da amsa."

Na fita baranda na mayar masa. "Ba nawa ba ne. Aikin makaranta ne, ka sani. Don Allah turo min amsar yanzu."

"Kin ce min da kwamfuta ake turawa. Na duba wayar kaf, wannan kaɗai ne a ciki."

"Ba wuta ne. Saifuddeen, turo min amsar, don girman Allah."

"Me ya sa amsar ta dame ki haka?"

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Kafin in gama wani ya shigo.

"Ban yi barci ba jiya. Ba na so in zarge ki. Ke kika gaya min kowace tambaya da takardarta a fayil. Nuna min takardar da hannun yarinyar, wallahi in durƙusa in ba ki haƙuri, magana ta mutu."

Kun ji fa. Bai zage ni ba, bai yi ihu ba, abin da ya nema kowane mai hankali shi zai nema. Da mugu ne da abin ya zo min da sauƙi.

"Amana ce, ba zan iya nunawa ba."

"Ba suna a jiki, ke kika faɗa. Amanar wa za ki ci?"

Na kira shi sau bakwai bai ɗauka ba. Na je wurin Hajiya Zuwaira na tambaye ta ko akwai wata lambar ma'aikatan jinyar da za a iya kira, ta ce sai dai ta rubuta wa ƙungiyar, su kuma sai Litinin suke zuwa. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Lafiya dai?" Na ce lafiya.

Na san abin da kuke cewa: ki rubuta wata takardar mana da hannun hagu, ki ce ta ɗaliba ce. Na yi. A ɗakin gwaje-gwaje na yagi takarda na rubuta, har na ɓata harafi biyu don ta yi kama da ta 'yar aji uku. Sai na tsaya ina kallon ta. Na san Baffa. Ba zai karɓi takarda ya ninke ya ce shi ke nan ba. Zai ce akwai 'yar mutane da ke cikin halaka, wajibi ne a nemo ta, zai ɗauke ta har makaranta a jera littattafan yara ana gwada hannu. Kuma a cikin yara ɗari uku ba za a rasa wadda rubutunta ya yi kama ba. Wata baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ita za ta ɗauki kayan gidanmu a kanta. Na yayyaga ta na zuba a kwandon shara.

Da yamma na tarar Inna a zaune a bakin rijiya, guga a ƙasa, ta jingina kanta da bango, ido a rufe. Na ce, "Inna, ko mu je a duba ki? Kin rame."

"Zafi ne," ta ce, ba ta buɗe ido ba. "Ke dai je ki kwashe shanya."

Juma'a da safe Baffa ya kira ni. Yana zaune a kan buzunsa, bai kalle ni ba. Ya ce Alhaji Gwadabe, kawun Saifuddeen kuma waliyyinsa, ya same shi jiya a masallaci da wata magana mai nauyi, za su zo bayan an sauko daga Juma'a. "An ce akwai takarda. Ki tanade ta. Ni na san 'yar da na haifa, na kuma gaya masa haka."

Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi.

Da aka tafi masallaci gidan ya yi tsit. Na zaro takardar daga kuben matashi na karanta ta sau ɗaya, na fita madafa. Inna ta ɗora miyar kuka ta shiga ɗaki ta kwanta. Na tsuguna na tura takardar cikin murhu, a ƙarƙashin tukunya. Kalanda ce mai sheƙi, ba ta kama da wuri ba, sai da ta lanƙwashe tukuna, ina ganin wutsiyar mimun nan tana baƙi. Na san abin da nake ƙonawa, ba takarda kaɗai ba ce, amma ban janye hannuna ba.

Ƙarfe uku suka zo. A falon Baffa aka zauna, mai kujeru uku da darduma ja da agogon Makka a bango. Alhaji Gwadabe cikin babbar riga ruwan ƙasa, carbi a hannu. Saifuddeen a ƙasa kusa da ƙofa, idanunsa sun yi ja, bai ko ɗaga kai ba da na shigo cikin dogon hijabina mai ruwan toka. Baffa ya aika a kira Inna, ya ce magana ce ta 'yarta, dole ta ji. Ta shigo da kwanon fura da ludaya, ta ajiye kwanon, ludayi ɗaya na hannunta, ta zauna a bayan ƙofa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ba ta san komai ba. Abin da aka gaya mata kawai shi ne an ga wani saƙo a wayata.

"Malam, mu ba tozarci ya kawo mu ba," in ji Alhaji Gwadabe. "Yaron nan kwana biyu bai ci abinci ba. A nuna mana takarda, mu sha fura, mu tashi 'yan uwa."

Baffa ya karɓi tsohuwar wayata daga hannun Saifuddeen, ya sa tabarau, ya nisanta ta da fuskarsa. Ya karanta da muryar da yake karanta ƙara a kotu, a hankali, ba hawa ba sauka.

"Wata huɗu ke nan ina shan ƙwayar hana ɗaukar ciki a ɓoye. Yanzu sati uku jini bai tsaya min ba..."

Ban kalli kowa ba sai Inna. A kalma ta biyar ludayin da ke hannunta ya tsaya. A ta goma ta ɗago kai. Tun da nake da ita ba ta taɓa kallon tsakiyar idona ba sai ranar, kuma a cikin kallon nan na ga ta gane komai: babu wata na'ura mai karatu, ni ce, tun ranar Lahadi ni ce.

Baffa ya gama ya cire tabarau. "Mashkura, ina takardar?"

"Babu, Baffa."

"Kamar yaya babu?"

"Na ƙona ta."

Alhaji Gwadabe ya ce, "Inna lillahi." Saifuddeen ya dafe kansa da hannu biyu.

"Kin ƙona," in ji Baffa, muryarsa ta yi ƙasa. "Shaidarki guda ɗaya, kin ƙona. To ga Alƙur'ani can. Ki yi alwala ki dafa, ki ce ba naki ba ne, ba ki kuma san mai shi ba. Ni zan karɓa, Alhaji ma zai karɓa."

Rabin farko zan iya rantsewa a kansa har gaban Ka'aba. Rabi na biyun ne ba zan iya ba, in kuma na raba su, tambaya ta gaba ita ce wace ce. Na ga Inna ta ajiye ludayi, ta dafa ƙasa, leɓenta ya fara motsi. Shekara ashirin da biyar na aurenta, da yara biyar a bayana, ƙaramarsu ko yaye ba a gama ba, duk suna kan leɓen nan.

Na riga ta.

"Baffa, akwai amsa a ƙasan saƙon. Don Allah ka karanta ta."

Ya kalle ni kamar bai san ni ba. "Ana maganar mutuncinki, ke amsa ce ta dame ki?"

"Ina buƙatar in ji ta, Baffa. Da ƙarfi. Kwana uku nake jiran ta."

Na san yadda maganar za ta sauka a kunnuwansu, na kuma faɗe ta a hakan. Saifuddeen ya ɗago ya dube ni, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Mashkura, ashe..." bai ƙarasa ba.

Baffa ya mayar da tabarau. Wannan karon ba muryar kotu ba ce.

"Ƙanwata, kin kyauta da kika tambaya. Jinin sati uku tare da ciwon kai da jiri ba abin jira ba ne. Ki daina shan ƙwayar har likita ya gan ki. Ki je asibiti yau, kada ki kai gobe, a auna jininki. Ki tafi da wata babbar mace da kika yarda da ita. Ba ke kaɗai ba ce, kuma akwai taimako."

Alhaji Gwadabe ya tattara babbar rigarsa ya miƙe, ya ce, "Malam, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Za ka ji daga gare mu." Furar ko taɓa ta ba a yi ba. Saifuddeen ya bi bayansa, a bakin ƙofa ya tsaya kamar zai juyo, sai na ji ƙarar takalminsa a zaure, sannan babur.

Baffa bai yi faɗa ba. Ya ajiye wayar a kan darduma a hankali, ya ce da bango, ba da ni ba, "Ni na ce masa na san 'yar da na haifa."

Na ce, "Baffa, an ce yau, kada a kai gobe. An ce in tafi da babbar mace. Inna nake so ta raka ni."

Ya ɗaga hannu kawai, alamar mu ɓace masa da gani.

Na miƙe na je bayan ƙofa na miƙa wa Inna hannu, abin da ban taɓa yi ba. Tafin hannunta sanyi ƙalau. Na ɗago ta, nauyinta duk ya dawo kafaɗata, muka fito tsakar gida, muka wuce murhun da toka ta riga ta rufe. Ina jin numfashinta a kunnena, guntu-guntu. Saura taku uku mu kai zaure ta tsaya cak, ta juya tana kallon ƙofar falon da Baffa ke ciki shi kaɗai.

"Inna, mu tafi," na ce ƙasa-ƙasa. "An riga an biya. Kada ki sa ya tashi a banza."

Ba ta motsa ba. Ta ƙara damƙe hannuna har sai da na ji zafi, ta buɗe baki.

"Mashkura," in ji ta.

Shekara ashirin da uku ina jiran in ji yadda sunana zai fito daga bakin nan. Ya fito, ƙafarta kuma ta riga ta juya wajen falon.